Idan Hanta Ta Gaza, Ƙoda Ke Bin Bayanta

Mai ciwon hanta da aka ɗauko daga Balan ko wani ƙauye na ƙasar Gaya da Ajingi, aka bi da shi ta Wudil zuwa Kano, galibi kumburin ciki da shawara ne ke kawo shi. Amma da zarar an kwantar da shi, sai a ji likita ya dage da tambayar fitsari: sau nawa ya yi jiya, kuma yaya yawansa? 'Yan rakiya kan yi mamaki, su ce ai hanta suka kawo. Likita kuwa ya san cewa ranar da fitsari ya ɗauke, kwanakin majiyyaci sun shiga ƙidaya.

Dalili kuwa shi ne, idan hanta ta daɗe da ciwo har ta taurare, jinin da ke zuwa mata daga hanji ba ya samun wucewa sosai. Jijiyoyin ciki sai su saki, jini ya taru a can. Jiki kuma ya ɗauka jini ne ya ƙaranta, sai ya matse jijiyoyin ƙoda. Watau ita ƙodar lafiyarta ƙalau, jini ne ba ya isa gare ta. An tabbatar da haka a Amurka cikin 1969, sa'ad da aka dasa wa waɗansu mutane ƙodar waɗanda wannan cuta ta kashe, ta kuwa kama aiki.

Abin da ake fara yi shi ne a tsai da magungunan sa fitsari, a bincika ko ƙwayoyin cuta sun shiga ruwan ciki, sa'an nan a ƙara wa majiyyaci albumin ta jijiya. In ƙoda ba ta motsa ba, sai a haɗa da talifiresin, maganin da ke tsuke jijiyoyin cikin da suka saki. Turai ta daɗe tana amfani da shi, amma Amurka ba ta amince da shi ba sai a 2022. A babban gwajin da aka yi can, kimanin mutum ɗaya cikin uku ne ƙodarsa ta farfaɗo, kuma maganin yakan jawo wa waɗansu sarƙewar numfashi. Inda babu shi akan yi da noradiranalin.

Duk wannan jinkirta lokaci ne kurum. Maganin gaskiya shi ne dashen hanta, aikin da Dokta Thomas Starzl ya fara gwadawa a Denver cikin 1963. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana wankin ƙoda, har ma ya soma dashen ƙoda tun 2002, amma mai neman sabuwar hanta akasari sai ya nufi Indiya ko Masar, tare da ɗan'uwan da zai ba shi sashen tasa. A nan ne shawara ke yi wa likitoci nauyi. Wankin ƙoda yana riƙe mai jiran dashe har ranarsa ta zo. Ga manomin da ba shi da halin tafiya kuwa, sai a sai da gona da shanu a kan wankin da ba zai gyara hanta ba.

Sau da yawa akwai abin da ke tunzura ƙodar: aman jini, gudawa, zuƙe ruwan ciki mai yawa ba tare da albumin ba, ko ƙwayoyin ciwon jiki irin su dikulofenak da ake saye a kasuwa ba da izinin likita ba. Jiƙe-jiƙen shawara da ba a san haɗinsu ba su ma ba su da tabbas.

Tushen matsalar a nan ƙasar galibi ciwon hanta ne nau'in B. Binciken da Gwamnatin Tarayya ta yi a 2018 ya nuna kashi 8 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da shi. An sa allurarsa cikin rigakafin yara a 2004, kuma ta farko ana so a yi wa jariri ita cikin awa 24 da haihuwa, abin da ke da wuya a ƙauyukan da mata da yawa ke haihuwa a ɗaki.