Siminti, nakiya da ƙwaƙwalwar waya: me ya sa masana'antar cif take zaɓen maƙwabta?

A ƙarshen Fabrairun 2024 gwamnatin Indiya ta amince da gina sababbin masana'antun semikondakta, wato inda ake ƙera cif, 'yar ƙwaƙwalwar nan da ke cikin waya da kwamfuta da mota. Mafi girma a cikinsu ita ce ta kamfanin Tata a Dholera, jihar Gujarat, wadda za ta ci kusan dala biliyan 11. Akwai kuma wata ta harhaɗa cif da gwada shi a Jagiroad, jihar Assam. To, Indiya ita ce ta biyu a duniya wajen yin siminti, bayan Sin, kuma garin Byrnihat, wanda rahoton IQAir na 2024 ya sa a sahun farko na garuruwa masu gurɓatacciyar iska a duniya, yana yankin birnin Guwahati ne, yankin da Jagiroad ma take. Shi ya sa tambayar ba ta wasa ba ce: wace irin doka ce za ta bari tanderun siminti da masu fasa dutse su zauna yanki ɗaya da masana'antar da ƙwayar ƙura ɗaya ke jawo mata asara?

Ƙurar da ido ba ya gani

Ana ƙera cif ne a kan faifan silikon mai faɗin milimita 300. Faifai ɗaya yakan shafe kusan wata uku yana bin matakai ɗaruruwa, wani lokaci fiye da dubu, ana zana masa layukan lantarki hawa kan hawa. Kaurin gashin mutum kusan maikiromita 70 ne. Ƙwayar ƙura mai rabin maikiromita ta fi gashin sirantaka sau 140, amma a kan cif na zamani, inda ake auna layuka da gomman nanomita, tamkar an jefa dutse ne a tsakiyar titi. Duk cif ɗin da ta faɗa wa, ya tashi aiki.

Saboda haka ake yin aikin a ɗakin tsafta na musamman, irin wanda Willis Whitfield ya ƙirƙiro a ɗakin binciken Sandia na Amurka a farkon shekarun 1960. Ma'aunin duniya na ISO 14644-1 ya kasa waɗannan ɗakuna aji tara. Aji na 9, wanda ya yi daidai da iskar ɗaki na yau da kullum, yana da ƙwayoyin ƙura har miliyan 35 a kowace kubik mita ta iska. Aji na 5 kuwa ba ya yarda da fiye da 3,520. Bambancin ninki dubu goma kenan, kuma kusa da faifan kansa ana tsaurarawa fiye da haka.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, ƙura ita ce mafi sauƙin matsalolin uku. Matatar iska irin ta HEPA tana kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyi masu maikiromita 0.3, akwai kuma waɗanda suka fi ta ƙarfi. Idan ƙurar waje ta yi yawa, matatun kan toshe da wuri, a kashe kuɗin canji da na wuta. Asara ce, amma wadda ake iya lissafawa.

Hayaƙin da ke ratsa matata

Matsala ta biyu ta fi wayo. Tanderun siminti yana gasa dutsen farar ƙasa da laka a zafin da ya kai digiri 1,450. Daga nan ake samun hayaƙin farar wuta da na naitirojin. Wasu masana'antun kan fesa amoniya cikin tanderu don rage hayaƙin naitirojin ɗin, sai kuma ɗan abin da bai ƙone ba ya bi iska. Waɗannan ba ƙwayoyin ƙura ba ne, iska ce cikin iska, don haka sukan wuce matatar HEPA salin alin.

Me suke ɓatawa? Kafin a zana layi a kan faifai, sai an shafa masa wani sinadari mai jin haske. Hasken da aka haska shi ke haifar da ɗan asid a wurin da ya taɓa, asid ɗin kuma shi ke fitar da zanen. Amoniya tana kashe asid. Ko da 'yan ɓurɓushi ne a cikin biliyan na iskar ɗakin, sai zanen ya fito a karkace. Idan kuma ta haɗu da hayaƙin farar wuta, sukan zama wani gishiri da ke yin hazo a kan gilasan injin zane. Maganinsa matatar gawayi ce ta musamman, mai tsada, wadda kan cika ba tare da ido ya ga alama ba.

Girgiza: inda gizo ke saƙa

Ta uku ita ce babba, domin iska ana tace ta, ƙasa kuwa ba a tace ta. Dole ne kowane hawan zane ya zauna daidai kan na ƙasansa, kuskuren bai wuce 'yan nanomita ba. Injiniyoyi suna da ma'aunin girgiza da ake kira VC, wanda Eric Ungar da Colin Gordon suka tsara a shekarun 1980. Ajin VC-D ya yarda da motsin daɓe na kusan maikiromita 6 a daƙiƙa, VC-E kuma kusan 3. Jikin mutum ba ya fara jin girgiza sai ta kai wajen 100.

Yanzu kwatanta da dokokin fasa dutse. Ma'aunin Jamus na DIN 4150-3 ya sa iyakar milimita 5 a daƙiƙa a harsashin gidajen zama, ga girgiza mai tafiyar hawainiya. Milimita 5 maikiromita 5,000 ne. Hanyar auna biyun ba ɗaya ba ce, ɗaya tana duba ƙololuwar bugu, ɗayar matsakaici, amma duk yadda aka juya lissafin tazarar ninki ɗaruruwa ce. Ma'ana, mai fasa dutse zai iya bin doka sau da ƙafa, bai tsaga bangon kowa ba, amma ya lalata aikin maƙwabcinsa. An rubuta dokar ne don kare bango, ba don kare nanomita ba.

Taiwan ta ɗanɗana wannan, ko da yake jirgin ƙasa ne ya jawo nata. Layin jirgin ƙasa mai gudun kilomita 300 a awa ya ratsa ta gandun masana'antun kimiyya na Tainan. Tun kafin jirgin ya fara aiki a 2007, tsoron girgizarsa ya sa wasu kamfanonin cif suka janye shirinsu na gini a wurin a 2001. Sai da gwamnati ta kashe kusan dalar Taiwan biliyan 8 wajen aikin rage girgizar. A yau kamfanin TSMC yana ƙera cif masu nanomita 5 da 3 a wannan gandu, amma darasin a fili yake: gyara bayan an gama zana taswira ya fi tsada nesa ba kusa ba.

To, wace doka ce za ta yi aiki?

Abin da ya fi sauƙi ga hukuma shi ne ta zana da'ira a taswira ta ce kada a fasa dutse a cikinta. Sai dai girgiza ba ta san da'ira ba. Nisan da take kaiwa ya danganta da irin dutsen da ke ƙarƙashi da yawan nakiyar da ta tashi lokaci guda. Hayaƙi kuma inda iska ta nufa yake bi. Kilomita biyar na iya yin yawa a wani wuri, ta yi kaɗan a wani.

Shi ya sa dokar da ta fi ma'ana take farawa da awo. A girke na'urorin auna girgiza da na iska na tsawon watanni kafin a zaɓi fili. A sa iyakar a bakin katangar masana'antar cif, da lambar da kowa zai iya dubawa. A tilasta wa masu fasa dutse su riƙa tayar da nakiya rami bayan rami, da ratar 'yan ɓurɓushin daƙiƙa, domin hakan na rage ƙarfin bugun sosai, su kuma sanar da lokacin fashewa. A masana'antar siminti, a sa matatun buhu da na'urar da ke auna hayaƙi dare da rana. A jiƙa wurin niƙa tsakuwa, a rufe bayan tifa, a kawar da hanyar manyan motoci daga jikin katanga. Indiya tana da tubalin farawa, domin hukumarta ta kula da gurɓata muhalli ta riga ta sa siminti a rukunin ja, wato mafi tsananin sa ido.

Korar su gaba ɗaya kuwa ba mafita ba ce. Masana'antar cif kanta tulin kankare ce, domin kaurin daɓenta da ginshiƙanta su ne kariyarta ta farko daga girgiza. Tsakuwa kaya ce mai nauyi da araha, idan aka ɗauko ta daga nesa kuɗin mota kan fi kuɗin kayan. Ga kuma batun adalci: idan mai fasa dutse ya riga kowa zuwa da lasisinsa da ma'aikatansa, wa zai biya kuɗin sauya masa aiki ko tayar da shi? Doka ce ya kamata ta amsa tun farko, ba kotu ba bayan shekaru.

Akwai kuma waɗanda ba su da matatar HEPA, wato mazauna ƙauyukan da ke kewaye. Ƙurar dutse mai silika tana haddasa ciwon huhun da ba ya warkewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa maikirogiram 5 a matsayin iyakar matsakaicin ƙananan ƙwayoyin ƙura a shekara, a Byrnihat kuwa an auna kusan 128 a 2024. Idan zuwan masana'antar cif ne zai sa a girke na'urorin awo, to a wallafa sakamakonsu ga jama'a, a kuma yi aiki da iyakar a ƙofar makaranta da asibiti kamar yadda za a yi a ƙofar masana'anta.