Kasuwar Tchamba, Tsohon Zangon Fatake a Ƙasar Togo

In aka ambaci Togo, hankalin yawancinmu Lome yake tafiya: bakin teku, tashar jiragen ruwa, atamfa da motocin gwanjo. Kaɗan ne ke tuna cewa a tsakiyar ƙasar akwai yankin duwatsu da dazuzzuka da kakanninmu suka sani kamar tafin hannunsu. Mai son ya san wannan yanki ya fara da kasuwar Tchamba, domin masu iya magana sun ce a bakin kasuwa ake sanin gari.

Tchamba tana gabas da Sokode, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a mota, kusa da iyakar Jamhuriyar Benin. Sokode kuwa tana kimanin kilomita 340 arewa da Lome, a kan babban titin da ya miƙe har Dapaong da iyakar Burkina Faso. Tchamba gari ne na Musulmi, kiran sallar asuba ne ke tashinsa. A ranar kasuwa, kafin hantsi ya dubi ludayi hanyoyi sun cika: mata ɗauke da daro a ka, 'yan acaɓa da buhuna gaba da baya, motocin kaya daga Kaboli da Kusuntu da Balanka, har da masu tsallako iyaka daga Basila.

Doya ce sarauniyar kasuwar. Ana jera ta kashi-kashi a ƙasa, mai saye yana ɗaga ɗaya yana jinjinawa, yana duba ko za ta yi sakwara mai danƙo. Gefenta masara ce da dawa da wake da gyaɗa, ana awo da kwano, ana tula masa kai har ya zuba. Gaba kaɗan sai layin kayan miya: daddawa, busasshiyar kuɓewa, kuka, barkono da man kaɗanya. Matan Fulani na zaune da ƙoren nono da wagashi, cukun nan mai laushi da ake rina bayansa da karan dafi ya yi ja. Duk wanda ya ci shi soyayye cikin miya ba ya mantawa.

Amma kayan da ya sauya rayuwar garin a 'yan shekarun nan shi ne kashu. Yankin Tchamba na sahun gaba a nomansa a Togo, har da masana'antar ɓare shi a garin. Daga watan Fabrairu zuwa Mayu, ma'auni ne ke mulki. Dillalai na kafa sikeli a bakin hanya, manomi ya kawo buhu, a zuba a duba bushewa da girman ƙwaya kafin a faɗi kuɗi. Mafi yawan abin da aka tara Lome yake nufa, daga can a yi Indiya da Biyetnam da shi. Nan ne damuwata take: wanda ya dasa itacen ya yi shekaru yana jira, shi ne mai ƙaramin rabo, farashin kuma a nesa da gonarsa ake yanke shi. Waken suya ma ya bi wannan sawu.

Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Tun kafin Jamusawa su kafa mulkinsu a Togo a 1884, ayarin fatake na ratsa wannan ƙasa tsakanin Kano da Salaga ta Gwanja, ta Nikki da Jugu. Suna tafe da kanwa da tufafi da kayan fata a kan jakuna, su komo da goro. Inda madugu ya yada zango, nan ake samun masallaci da rumfa da mahauci, har zangon ya zama unguwa. Shi ya sa yau, cikin hayaniyar harshen mutanen Tchamba da Kotokoli da Fulatanci da Faransanci, kunnenka zai tsinci Hausa a wurin mai tsire da mai goro da mai kayan koli. Ka yi tayi a ce maka albarka, ka ƙara a sallama, ka nemi gyara a ba ka. Kuɗin ne kawai sefa.

Daga kasuwa sai duwatsu. Arewa da Sokode, a hanyar Bafilo, titi ya ratsa tsakiyar dutsen Alejo, aka bar bango na dutse hagu da dama, abin da kan sa direba ya rage gudu ko bai yi niyya ba. Bafilo kanta garin masaƙa ce. Yamma da Sokode ga gandun dajin Fazao-Malfakasa, wanda aka kafa a 1975, faɗinsa murabba'in kilomita 1,920, tuddai da ƙoramu da tsuntsaye iri-iri. Wanda ya dace da lokacin Mauludi zai ga bikin Adosa a Sokode, da wasan wuƙaƙe da sukuwar dawakai masu ado, abin da zai tuna masa 'yan tauri da hawan salla. Can arewa, kusa da Dapaong, akwai kogunan dutsen Nok, inda mutanen zamanin da suka gina rumbuna a jikin dutse don ɓuya a zamanin hare-hare. Sai dai yankin na ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2022, don haka a yi tambaya kafin a kama hanya.

Wannan tafiya ba ta buƙatar aljihu mai nauyi. Ɗan Najeriya ba ya neman biza, motar haya na nan, abincin kuwa irin na gida ne: koko da ƙosai da safe, shinkafa da wake da rana, sakwara da dare.

Saboda haka, ɗan'uwa mai karatu, in Allah ya kai ka Togo, kada ka tsaya a Lome. Hau zuwa Tchamba, ka yi sallama, ka sayi kashu da doya daga hannun wanda ya noma su, kuma ka biya shi haƙƙin guminsa. Hanyar da kakanni suka taka ba ta cancanci a bar ta ta shafe ba.