Wasan kwaikwayo na kan tebur: yadda kasuwarsa ta tashi, ta faɗi, ta sake tashi cikin shekara 50

A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons. Kwafi 1,000 kacal aka fara bugawa, ƙananan littattafai uku cikin kwali, kowane kwali dala 10. A yau kamfanin da ke da mallakar wasan na cewa sama da mutum miliyan 50 sun taɓa buga shi. Sai dai a tsakani kasuwar ta sha hawa da sauka, kuma dalilin hakan yana cikin yanayin wasan kansa.

Yadda ake buga shi

Mutum huɗu ko biyar ne ke zama kewaye da tebur. Ɗaya shi ne jagora, yana ba da labari kamar mai tatsuniya: ga gari, ga daji, ga dodo a bakin kogo. Sauran kuwa kowa na da jarumin da ya ƙirƙira, kuma shi zai faɗi abin da jarumin nasa zai yi. Idan abin na da haɗari, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, wata ma fuska 20 gare ta, lambar da ta fito ta raba gardama. Ba a cin wani a wasan, labari ɗaya kuma kan ɗauki watanni ana ci gaba da shi.

A nan matsalar ɗan kasuwa take. Littafin dokoki guda ɗaya ya ishi mutum biyar su yi shekaru suna wasa ba su sake sayen komai ba. Saboda haka ciniki ya dogara ne ga sababbin shiga, su kuwa ba sa zuwa sai sun ji labarin wasan ko sun ga ana yin sa.

Tallar da tsoro ya yi

A 1979 wani ɗalibin jami'a a jihar Michigan ya ɓace, jaridu suka alaƙanta ɓatan nasa da wasan, ko da yake daga baya ta tabbata ba shi ne dalili ba. Daga nan wasu iyaye da masu wa'azi suka shiga zargin wasan da koya wa yara tsafi. A 1982 aka yi fim a kan batun, wanda Tom Hanks ya fito a ciki, a 1985 kuma shirin 60 Minutes na tashar CBS ya tattauna zargin. Maimakon wasan ya mutu, sai cinikin kamfanin TSR da ke buga shi ya ninka a farkon shekarun 1980, domin matasan da ba su taɓa jin sunansa ba sun so su ga abin da ake hana su.

A lokacin ne wasan ya ƙetare teku. A Faransa mujallar Casus Belli ta fara fitowa a 1980, Jamus ta samu nata wasan, Das Schwarze Auge, a 1984, Japan kuma ta fitar da Sword World a 1989. Amma tsoro bai yi wa Faransawa masu wasan irin wannan rana ba. Bayan tone kaburburan Yahudawa a garin Carpentras a 1990, an yi ta nuna su da yatsa, har wani shirin talabijin na 1995 ya ƙara rura wutar. Sai a 1996 aka gano cewa wasu matasa masu aƙidar Nazi ne suka aikata, bayan sunan wasan ya riga ya ɓaci a idon iyaye da yawa.

Faɗuwar TSR

A shekarun 1990 TSR ya yi ƙoƙarin magance matsalar ta hanyar buga littattafai barkatai, yana sayar wa tsofaffin abokan cinikinsa. Kaya suka yi kwantai, bashi ya taru. Ana cikin haka, a 1993, kamfanin Wizards of the Coast ya fito da wasan kati mai suna Magic: The Gathering, wanda mai buga shi ba ya daina sayen sababbin katuna. Wasannin kwamfuta ma suka janye matasa. A 1997 Wizards ya sayi TSR yana dab da durƙushewa, a 1999 kuma Hasbro, babban kamfanin kayan wasan yara, ya sayi Wizards kan kimanin dala miliyan 325.

A 2000 sababbin masu wasan suka gwada wata dabara: suka ba da lasisi kyauta ga duk mai son rubuta littattafai bisa dokokinsa. Ƙananan kamfanoni suka yawaita. Da bugu na huɗu ya fito a 2008 bai gamsar da jama'a ba, sai ɗaya daga cikinsu, Paizo, ya yi amfani da lasisin ya fitar da Pathfinder a 2009, wanda ya yi wasu shekaru yana gaban Dungeons & Dragons a shagunan wasanni na Amurka.

Abin da intanet ya canza

Bugu na biyar, na 2014, ya sauƙaƙa dokoki. Amma abin da ya fi tasiri shi ne mutane sun fara ganin wasan da idonsu. A 2015 shirin Critical Role ya fara nuna ƴan wasan kwaikwayo suna buga shi kai tsaye a intanet, a 2016 kuma fim mai dogon zango na Stranger Things ya nuna yara suna yin sa. A 2019 masu Critical Role suka tara sama da dala miliyan 11 daga masoyansu a Kickstarter. Da korona ta kulle mutane a gida a 2020, wasan ya koma kan allon kwamfuta, kamfanin kuma ya ce cinikinsa ya ƙaru da kashi 33 cikin 100 a shekarar.

Tsohuwar matsalar dai tana nan. A 2022 Hasbro ya sayi manhajar D&D Beyond kan dala miliyan 146, domin a riƙa biyan kuɗi wata-wata a maimakon sayen littafi sau ɗaya. A Janairun 2023 kuma aka bankaɗo shirinsa na sauya lasisin 2000 ta yadda zai riƙa karɓar kaso daga manyan masu amfani da shi. Masu wasan suka yi ca, da yawa suka soke rajistarsu, kafin watan ya ƙare kamfanin ya janye, har ya saki ainihin dokokin ga kowa.

Wannan rikici ya nuna iyakar ikon kamfani a irin wannan kasuwa. Littafi nasa ne, amma wanda ya riga ya iya wasan takarda da fensir da ƙwaya sun ishe shi, kuma ta hannunsa sabon mai saye yake shigowa.