Hasken rana, kifin Kwara da hawan jinin mai ciki

Hawan jini ga mai juna biyu ciwo ne da ke shigowa a ɓoye. Yakan fara bayan sati 20, wato wajen wata na biyar. Idan awo ya nuna 14 bisa 9 ko fiye, to jini ya hau. In ba a tare shi ba, yakan kai ga jijjiga, wadda ke iya halaka uwa da jariri. Sau da yawa akan ce iskoki ne, a tsaya turare a gida har lokaci ya ƙure.

Masana sun lura cewa ciwon ya fi kama matan da bitamin D ya ƙaranta a jininsu. Wannan bitamin shi ke taimaka wa jiki ya tsotsi kalsiyum, sinadarin da ke gina ƙashi. Fata ce ke sarrafa shi idan rana ta taɓa ta. Mai karatu zai ce, a Gaya ma ana rashin rana? Ai ranar da ke dukan rufin ɗaki ba ta amfani macen da ta wuni a ciki. Ga shi baƙar fata ta fi jinkirin sarrafa shi. Saboda haka mai ciki ta riƙa fitowa tsakar gida da hantsi, rana ta sami hannuwanta da ƙafafunta.

Akwai shi kuma a cikin kifi mai maiƙo da ƙwanduwar ƙwai. Maigida, kifin Kwara da ake kaiwa kasuwar Malanbil da ta Kamba, a rage wa uwargida nata. Ƙananan busassun kifi da ake ci har da ƙaya, da nono, da zogale, su kuwa kalsiyum suke bayarwa.

Amma a yi hattara. Bincike bai tabbatar da cewa ƙwayar bitamin D tana hana ciwon ba. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba kowace mai ciki za a ba ta ita ba. Ƙwayar kalsiyum ce ta yarda da ita ga matan da abincinsu ya gaza, tare da zuwa awo sau 8 kafin haihuwa. Kada a sayi ƙwaya wurin mai talla a tasha.

Matsanancin ciwon kai, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, zafi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama: in ɗaya ya bayyana, a kai ta likita a ranar, ko da tsakar dare ne.