Yekuwa: ƙuruciyar da dattawa ke kewa

A Yekuwa, cikin gundumar Magarya, in dattawa suka tuna ƙuruciya, dandali suke fara ambata: langa da gaɗa a farin wata, ga tatsuniya bayan tuwon dare. Ba su cika tabo yunwar 1984 ba, wadda ake kira El Buhari, shekarar da Najeriya ta rufe iyakarta.

Yaran yau sun fi samun lakol da rigakafi, gawo ma ya dawo gonaki. Gonar ce ta ƙanƙance, don rabon gado ya daddatsa ta. Shi ya sa da an gama girbi samari ke tafiya ci-rani Kano, a bar dandali da ƙananan yara, su ma sun kewaye salula guda.