Ƙwaron ƙarya mai nitsewa

A ƙasashen sanyi, kamar Faransa da Ingila da Amurka, akwai wani kifi da ake ce ma turut. Yana zaune cikin koguna masu sanyi, masu ruwa garai-garai. In zafin ruwa ya wuce digiri 20, sai turut ya fara wahala, don iskar da yake shaƙa tana raguwa cikin ruwan. Shi ya sa babu shi a kogin Isa ko a tafkin Cadi.

Turut yana cin ƙwari. Ƙwari da yawa suna yin ƙwai cikin kogi. Ƴaƴansu ba su da fiffike. Suna zama ƙarƙashin duwatsu, waɗansu shekara guda, waɗansu shekara biyu. Daga baya su hau sama, su yi fiffike, su tashi. Kafin ranar nan, ruwa yakan fizge waɗansu, ya tafi da su. Turut ya laɓe bayan dutse kusa da gindin kogi, inda ruwa ba ya gudu da ƙarfi, yana jiran su. Mafi yawan abincinsa ƙarƙashin ruwa yake samun shi.

Waɗansu masu fatsa na ƙasashen nan ba su sa tana a ƙugiya. Suna naɗa ma ƙugiya zare da gashin tsuntsu, har ta yi kama da ɗan ƙwaro. Amma gashi ba shi da nauyi. In an jefa shi, ruwan sama mai gudu ya ɗauke shi, ya wuce bisa kan kifi. Mai fatsa ya wuni bakin kogi, ya koma gida hannu banza. Dole ne ƙwaron ƙarya ya nitse, ya isa inda kifi yake.

Wani mai gadin kogi a Ingila, Frank Sawyer, ya sami dabara. A kogin Avon yake aiki. Maimakon zare, sai ya naɗe ƙugiya da siririyar waya ta jan ƙarfe. Ya haɗa da gashin wutsiyar fezan, wani tsuntsu ɗan'uwan zabo. Wayar ta ba ƙugiya nauyi, tana taɓa ruwa sai ta nitse. Ya bayyana dabarar cikin littafinsa na 1958. Yanzu ana sa ma ƙugiya ɗan ƙwallo na tagulla ko na tungustan, wani ƙarfe da ya fi darma nauyi.

Ƙwaron ƙarya iri biyu ne. Na farko yana kama da wani ƙwaro na gaskiya sak. Na biyu bai yi kama da kowane ƙwaro ba. Aikinsa jan hankali: yana ƙyalli, ko yana da ɗigon ja ko na shuɗi. Yana da amfani in ruwa ya gurɓace ko yana gudu da ƙarfi. Kifi ba shi da hannu. In ya ga baƙon abu, da baki yake taɓa shi.

Mai fatsa yakan jefa ƙugiya wajen da ruwa ke fitowa, ya bar ta ta gangaro kamar ƙwaron da ruwa ya ɗauko. Ba ya ganin kifin, igiya yake kallo. In ta tsaya ko ta motsa, nan take ya ɗaga sanda, don turut yana tofar da abin da ba abinci ba da sauri. In nauyi ya yi kaɗan, ƙugiya ba ta isa ƙasa. In ya yi yawa, ta maƙale cikin duwatsu. Sai wanda ya san zurfin kogi da gudunsa yake dacewa.

Tambayoyi

1. Don mi babu turut a kogin Isa?
2. Ina turut yake jiran abincinsa?
3. Wace dabara Frank Sawyer ya samu?
4. Mi ke faruwa in nauyin ƙugiya ya yi yawa?