Littafin kuɗi a rubutu zalla: abin da ya kamata ku sani

Mai sayar da albasa a Bawku yana iya karɓar sidi da safe, da rana wani daga Burkina Faso ko Togo ya biya shi da sefa, da yamma kuma kuɗi su shigo ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya. Ga bashi a hannun mutane, ga zubin adashi, wanda a Gana ake kira susu. Idan wata ya ƙare, da wuya ya iya cewa ga ribarsa.

Akwai manhajojin kwamfuta na kyauta da suka dace da irin wannan hali. John Wiegley ya fitar da Ledger a 2003, Simon Michael ya biyo da hledger a 2007, Martin Blais kuma ya yi Beancount. Dabararsu ɗaya ce: kai ne kake rubuta lissafinka a fayil na rubutu zalla, manhajar ta karanta ta ba ka jimla. Abin da za ka rubuta shi ne kwanan wata, abin da aka yi, inda kuɗi suka fito, inda suka shiga. Sunayen asusu kuwa da Hausa za ka sa abinka: abinci, haya, zakka, bashi.

Tushen abin tsoho ne. Luca Pacioli ya bayyana shi a littafinsa na 1494 a Italiya: duk kuɗin da suka fita daga wani wuri, to sun shiga wani. Ka sayi buhu da sidi 400 ta MoMo, sai MoMo ya ragu da 400, kaya su ƙaru da 400. In ɓangarorin ba su daidaita ba, manhajar ba za ta yarda ba sai ka gyara. A ganina nan ne babban amfaninta, domin kuskure yana fitowa tun mutum bai manta da cinikin ba.

Ba ruwanta da wane irin kuɗi ne. Sidi da sefa kowanne yana zaune daban, in ka ba ta farashin canji ta haɗa. Dillalin doya a Yendi zai iya ƙirga doyar kanta haka. Lokaci ma ana rubuta shi: tela a Salaga ya sa sa'ar da ya fara ɗinki da sa'ar da ya tashi, hledger ta tara masa awoyin kowane aiki, ya ga ko kuɗin ɗinkin sun biya wahalarsa.

Manhajar tana da nauyinta. Aikin ya fi sauƙi a kwamfuta, umarnin da ake ba ta na Turanci ne, kuma sai an jure rubutawa kullum. Amma ba ta buƙatar intanet, babu kuɗin wata, kuma fayil ɗin yana hannunka, ko manhajar ta ɓace za ka buɗe ka karanta. Sai dai ka riƙa ajiye kwafi a wani wuri dabam, saboda kwamfuta tana lalacewa, kuma ana sace ta.